TARIHIN JARRABAWAR JAMB DA ABIN DA YAKE KOYA MANA GAME DA TARA KALMOMIN TURANCI



Duk shekara idan lokacin sayar da fom ɗin JAMB ya ƙarato, tambaya ɗaya iyaye suke kawo wa ƙungiya: wane lesin ne ya fi kyau, kuma nawa ake biya? Su kuma yara abin da suke nema shi ne jerin manyan kalmomin Turanci da za su haddace kafin ranar jarrabawa. Mun ga ya dace a wannan karo mu kawo tarihin jarrabawar kanta, domin wanda ya san inda abu ya faro ya fi sanin yadda zai tunkare shi. Tarihin ya nuna cewa an sha sauya fasalin jarrabawar, amma takardar Turanci tana nan a bakin ƙofa tun ranar farko, kuma kalmomin da take tambaya ba a tara su cikin wata uku.

KAFIN A YI JAMB

An kafa unguwar Sabo a Ibadan a 1916. Kakanninmu fataucin goro da shanu ne ya kawo su, kuma karatun da suka riƙe shi ne na allo da na zaure. Bayan shekara 32, a 1948, aka buɗe kwalejin jami'a ta farko a Najeriya a cikin wannan gari, da ɗalibai 104, a ƙarƙashin Jami'ar Landan. Tafiyar da ke tsakanin Sabo da harabar jami'ar ba ta da yawa, amma an daɗe kafin 'ya'yan unguwar su fara shiga da yawa. Iyaye na wancan lokaci ba su ga abin da boko zai ƙara wa mai sana'ar goro ba, kuma duk hanyar shiga da Turanci aka shimfiɗa ta.

Daga baya jami'o'i suka ƙaru. An buɗe ta Nsukka a 1960. A 1962 aka samu ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Ife, da ta Legas. Ta Benin ta biyo baya a 1970. A 1975 gwamnatin soja ta ƙara guda 7 a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Jos, Ilori, Kalaba da Fatakwal. Jimilla 13 ke nan.

A wancan zamani kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta da kanta. Wanda ya yi karatun gaba da sakandare na shekara biyu yana iya shiga kai tsaye, saura kuma sai su zauna jarrabawar da jami'ar ta shirya. Mai son ya tabbatar ya samu gurbi sai ya sayi fom uku ko huɗu, ya yi ta zirga-zirga tsakanin garuruwa. Yaro mai ƙoƙari wanda mahaifinsa ke da hali yakan samu gurbi a jami'o'i uku a lokaci guda, ya zaɓi ɗaya, sauran biyun su tashi a banza, alhali ga ɗan talaka can yana zaune bai samu ko ɗaya ba. A Arewa, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Zariya don cike giɓin da ke akwai, saboda makarantun sakandaren yankin ba su da yawa.

SHEKARAR 1978

Shugabannin jami'o'i da kansu suka koka a kan wannan ɓarna. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa hukumar JAMB da doka mai lamba 2 ta 1978, kuma Michael Angulu ne magatakardanta na farko. A shekarar aka yi jarrabawar farko. Tsarin shi ne fom ɗaya, jarrabawa ɗaya, darussa huɗu. Uku ɗalibi ne ke zaɓa gwargwadon abin da yake son karantawa. Na huɗun kuwa, wato takardar da ake kira Use of English, wajibi ne a kan kowa, ko likita yake son zama ko malamin Larabci.

Dalilin wajabta ta a fili yake. Da Turanci malamin jami'a yake koyarwa, da shi aka rubuta littattafan, da shi ake amsa jarrabawa. Sauran darussan ma, in ban da na harsuna irin su Hausa da Larabci da Yarabanci, da Turanci ake rubuta tambayoyinsu. Yaro yana iya sanin lissafin amma ya faɗi saboda bai gane abin da tambayar take nufi ba.

Ba a ba ɗalibi fili ya yi dogon rubutu ba. Tambaya ce da amsoshi a jere, ya zaɓi ɗaya ya shafe gurbinta da fensir, na'ura ta duba. Waɗanda suka zauna jarrabawar a shekarun 1980 da 1990 ba za su manta da fensirin HB da magogi ba.

INA AKA SAMO IRIN WANNAN TAMBAYA?

Salon zaɓar amsa ɗaya cikin huɗu ko biyar daga Amurka ya fito. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1917, sojan Amurka ya yi amfani da shi wajen tantance ɗimbin sabbin kurata cikin ɗan lokaci. Ɗaya daga cikin masanan da suka yi aikin, Carl Brigham, shi ya tsara jarrabawar shiga jami'a da ake kira SAT, wadda aka fara a 1926 da ɗalibai kimanin 8,000. Babban ɓangarenta gwajin kalmomi ne: ma'anar kalma, kishiyarta, da dangantakar kalma da kalma.

Nan da nan sana'ar lesin ta taso. Wani matashi a birnin New York mai suna Stanley Kaplan ya fara koyar da yara a gidan iyayensa a 1938, har abin ya zama babban kamfani. Shekaru da dama yaran Amurka suna haddace dogayen jerin kalmomin da ba kasafai ake jinsu a bakin kowa ba. Masu shirya jarrabawar sun lura cewa hadda suke aunawa fiye da fahimta. Sai suka cire tambayoyin kishiyar kalma a 1994, suka cire na dangantakar kalmomi a 2005. A 2016 suka sake fasalin gaba ɗaya, suka koma tambayar me kalma take nufi a cikin jimlar da ta zo.

Mun kawo wannan ne domin waɗanda suka ƙirƙiro salon sun shafe shekara 90 kafin su yarda da abin da duk malamin zaure ya sani, cewa kalma a cikin magana ake gane ta. JAMB har yanzu tana tambayar kalmomi masu ma'ana ɗaya da kishiyoyinsu, amma a cikin jimla take kawo su. A ɗauki kalmar fine. A wani wuri tana nufin abu mai kyau, a wani wurin tarar da kotu ta ci mutum, a wani kuma abu mai laushi kamar gari. Yaron da ya haddace ma'ana ɗaya daga jeri, idan ta zo masa da ta biyu, sai ya zaɓi amsar da aka ajiye musamman don irinsa.

YADDA NA GABA SUKA TARA KALMOMI

Dattawanmu da suka yi boko a shekarun 1950 zuwa 1970 suna yawan ambaton wani ƙamus da suke kira Michael West. Sunan mutum ne, Baturen Ingila da ya yi aikin horar da malamai a Dhaka, ƙasar Bangaladesh ta yanzu. Ya lura cewa yara suna gajiya da littattafan Turanci saboda baƙin kalmomi sun yi yawa a kowane shafi. Sai ya sake rubuta labarai ta yadda sabuwar kalma za ta zo jefi-jefi, kuma a yi ta maimaita ta har ta zauna. A 1935 shi da abokin aikinsa suka fitar da ƙamus wanda aka yi duk bayanin da ke cikinsa da kalmomi 1,490 kacal. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 waɗanda su suka fi yawo a rubutun Turanci.

Akwai kuma ƙamus ɗin A. S. Hornby, wanda ya faro aikinsa a Japan, kamfanin Oxford ya buga shi a 1948. Shi ne kakan babban ƙamus ɗin Oxford na ɗalibai da ake sayarwa a Dugbe har yau. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne misalai: ba ya barin kalma ita kaɗai, sai ya sa ta a jimla. Don masu jin Hausa, Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa a 1965, Roxana Ma Newman kuma ta fitar da wanda ya fi shi girma a 1990. A 'yan firamare da sakandare kuwa, littattafai irin su First Aid in English da Brighter Grammar sun ratsa hannun mutane da yawa, wa ya gama ya bar wa ƙane.

Waɗannan mutane ba su da waya, ba su da intanet, littattafansu kaɗan ne. Amma suna karanta abin da suke da shi sau da yawa, suna sauraron rediyo, kuma duk jaridar da ta faɗo hannunsu, ko da an ƙunso ƙosai a cikinta, sai sun duba.

Mu Hausawa ma muna da tamu hanyar tun kafin zuwan boko. Almajirin da ke son ya ƙware a Larabci ba jerin kalmomi malam yake ba shi ba. Littafi ake buɗewa, irin su Muƙamatul Hariri, wanda wani malamin Basra da ya rasu a 1122 ya rubuta, ƙissoshi 50 cike da kalmomi masu wuya. Almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara kalma-kalma, gobe a maimaita kafin a ƙara. Haka kuma ake koya masa ya gane tushen kalma, ya ga cewa kataba da kitab da maktab uwarsu ɗaya, kamar yadda rubuta da rubutu da marubuci suke a Hausa. Turanci ma haka yake. Wanda ya san abin da ƙarin un da mis da dis suke yi a gaban kalma, ya samu mabuɗin ɗaruruwan kalmomin da bai taɓa gani ba.

SAUYE-SAUYEN DA SUKA BIYO BAYA

A 1989 aka faɗaɗa aikin JAMB ya haɗa da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, da jarrabawarsu daban. Cikin waɗanda suka shugabanci hukumar akwai Farfesa Bello Salim, masanin harshen Hausa daga Jami'ar Bayero. Sai dai a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 satar amsa ta yi ƙamari, aka samu wuraren jarrabawa na musamman inda ake biyan kuɗi a rubuta wa yaro. Jami'o'i suka ce suna karɓar masu babban maki waɗanda ba sa iya rubuta wasiƙa. Shi ya sa a 2005 aka ba su dama su sake tantance ɗalibai da jarrabawarsu bayan ta JAMB. An soke wannan a 2016, aka dawo da ita a 2017.

A 2010, zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama ɗaya, UTME. A 2013 aka fara gwada kwamfuta, ɗalibi ya zaɓi takarda ko na'ura. Daga 2015 aka rufe babin fensir baki ɗaya. Farfesa Ishaq Oloyede ya karɓi hukumar a 2016, kuma daga 2017 aka kawo jarrabawar gwaji kafin ta gaske, aka kuma tsara yadda ɗalibi zai iya amsawa da maɓallai 8 kawai ba sai ya iya riƙe linzamin kwamfuta ba. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa.

Akwai wani sauyi da ya fi shafar zancenmu. Hukumar ta ga cewa yara suna zuwa jarrabawa ba su taɓa karanta littafi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Sai ta fara ɗora wa kowa littafin labari da za a yi tambayoyi a kansa cikin takardar Turanci. An yi The Last Days at Forcados High School, aka yi In Dependence na Sarah Ladipo Manyika, aka yi Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi, sannan The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli daga 2021, sai The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba a 2025. Manufar ita ce a tilasta karatu. Abin takaici, yawancin yaranmu taƙaitawar littafin suke nema a waya, su haddace sunayen mutanen ciki, su bar ainihin abin da aka so su samu.

A yau tsarin shi ne tambayoyi 180 cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne, maki 400 gaba ɗaya. Idan aka raba, kowace tambaya tana da daƙiƙa 40. Mai karatu a hankali, wanda sai ya tsaya ya fassara kowace jimla zuwa Hausa a zuciyarsa, lokaci zai ƙare masa ko da ya san amsa.

INDA MUKE TSAYE

A jarrabawar 2025 sama da mutum miliyan 1.9 suka zauna, kuma fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa an samu matsalar na'ura da ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu. Ko da aka cire waɗannan, waɗanda suka haye 200 su ne 'yan tsiraru. Jami'ar Ibadan kuwa ba ta sauraron wanda bai kai 200 ba, kuma wannan izinin shiga tantancewarta ne kawai. Ga kuma sharaɗin kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci.

A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi. A aikace jihar asali ake dubawa. Yaron da aka haifa a Sabo, kakansa ma a nan aka haife shi, idan takardar shaidarsa ta Kano ce ko Sakkwato, ba ya cikin 'yan gida a nan. Kason 20 ɗin yana iya taimaka masa, amma masu nema suna da yawa. Jami'o'in jihohi kuma 'yan jiharsu suke fara dubawa, baƙo yakan biya kuɗin makaranta fiye da nasu. Abin da babu mai iya hana yaronmu shi ne makin da ya ci da kansa.

Yaranmu suna da baiwar harshe. Da yawansu suna jin Hausa a gida, Yarabanci a kasuwa, Turancin buroka a titi, Larabci a Islamiyya. Sai dai Turancin littafi a aji kawai suke haɗuwa da shi, kuma da an tashi makaranta shago ko talla ke jiransu. Buroka tana sa yaro ya ɗauka ya iya Turanci, sai ranar jarrabawa ya ga kalmomin daban ne. A ɓangaren furuci kuma akwai tarkon da ya fi kama Bahaushe, domin harshenmu bai raba p da f ba, alhali pan da fan kalmomi ne biyu a wurin mai tambaya.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Na farko, a fara da wuri. Yaron da ke aji ɗaya na babbar sakandare yana da shekara uku a gabansa. Idan yana karanta shafi 5 kullum, a shekara ya haura shafi 1,800. Babu lesin na wata uku da zai ba shi wannan.

Na biyu, littafin ya zama daidai ƙarfinsa, kamar yadda Michael West ya gano. Idan baƙin kalmomi sun cika shafi, a nemo mai sauƙi. Littattafan labari na marubutan Afirka da tsofaffin jaridu sun wadatar, kuma ana samun na hannu da araha.

Na uku, ya ajiye ɗan littafin rubutu na kalmomi. Duk sabuwar kalma ya rubuta ta tare da jimlar da ya same ta a ciki, da ma'anarta da Hausa, da kishiyarta idan tana da ita, sannan ya gina tasa jimlar. Biyar a rana sun isa, muddin zai riƙa komawa baya yana tilawa duk mako, kamar yadda ake yi wa hadda.

Na huɗu, tambayoyin shekarun baya suna da amfani idan an yi su da agogo, kuma aka tsaya a kan kowace da aka faɗi har a gane dalili. Haddace cewa amsar lamba kaza ita ce B ba ya kai kowa ko'ina.

Na biyar, kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da yaro zai zauna gaban kwamfuta. A yi masa rajistar jarrabawar gwaji, kuma a karanta littafin da aka ɗora gaba ɗayansa, sau biyu idan da hali.

Ga iyaye kuma, ko ba ku yi boko ba kuna da rawar takawa. Ku ba yaro awa ɗaya a rana da ba za a aike shi ba, mace ko namiji. Ku ce ya karanta muku labari ya fassara da Hausa. Idan ya kasa fassarawa, bai gane ba, kuma kun gano haka ba tare da kun san Turanci ba. Ku guji duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai ƙara wa yaro maki ko ya samo masa amsa. Kuɗin da ake zubawa a can ya isa sayen ƙamus da littattafai goma.

A taronmu na gaba za mu gabatar da shawarar buɗe zauren karatu na ƙarshen mako, inda matasanmu da suka gama jami'a da kwaleji za su riƙa zama da ƙannensu, littafi a buɗe, a karanta a fassara. Muna roƙon duk mai tsofaffin littattafan Turanci ko ƙamus da ba ya amfani da su ya kawo ofishin ƙungiya, mai ɗakin da zai iya ba da aro kuma ya sanar da shugabanni kafin ranar.

Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya sa su fi mu. Amin.

Sakataren Ƙungiya